Tarihin Gasar Yawa da Inganci a Sana'ar Ƙera Wayoyin Hannu

Tun daga lokacin da wayar hannu ta tashi daga matsayin abin kira da amsawa kaɗai, ta zama ƙaramar kwamfuta da ake sakawa a aljihu, ma'abota wannan sana'a suka rabu gida biyu a kan mas'ala guda, wato shin a cika waya da abubuwa barkatai, ko kuwa a taƙaita su, a kyautata kowanne har ya kai ga kamala. Shekarar 2007 ce ta fito da wannan saɓani a fili.

A watan Maris na wannan shekara, kamfanin Nokia na ƙasar Finlan, wanda a zamanin yake sayar da kusan huɗu daga kowace waya goma da ake saya a duniya, ya fitar da N95, wadda aka tara mata kyamara mai megafiksel 5, da ɗaukar bidiyo, da na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, da intanet mai sauri na 3G. Bayan wata uku, ran 29 ga Yuni, kamfanin Apple ya fara sayar da iPhone ta farko a Amurka, alhali kyamararta megafiksel 2 ce kacal, ba ta ɗaukar bidiyo, ba ta da 3G, ko kwafar rubutu daga wuri zuwa wuri ba ta iya ba sai a 2009. Da lissafi ne hukunci, da babu mai dubanta. Amma abu ɗayan da aka ba ta, wato gilashin da ke amsa taɓawar yatsa ba tare da jinkiri ba, har mutum ya karanta shafin intanet yana buɗa shi yana matse shi yadda ya so, an gyara shi gyaran da babu irinsa a kasuwa. Kuma da yake hannu na komawa kansa dare da rana, fa'idarsa ta rinjayi duk abin da aka rasa. A 2014 Nokia ya miƙa sashensa na ƙera waya ga Microsoft, ko da yake adalci ne a faɗa cewa dalilan faɗuwarsa sun fi wannan ɗaya.

Sai dai ɗabi'ar ciniki ba ta bar mas'alar ta mutu ba, domin adadi ana buga shi a bayan kwali mai saye ya gani nan take, shi kuwa inganci ba ya bayyana sai an zauna da abu wata da watanni. A 2013 Samsung ya fitar da Galaxy S4, wadda ke tsayar da bidiyo idan mai kallo ya kau da ido, ake kuma juya shafinta da kaɗa hannu a iska. Waɗannan abubuwan al'ajabi da sauran manhajoji suka cinye kusan rabin ma'ajiyar waya mai gigabait 16. Shekara biyu bayan haka kamfanin da kansa ya rage su.

A fagen kyamara ne israfin ya fi tsanani. Google ya nuna da Pixel 3 a 2018 cewa ido ɗaya a bayan waya, idan aka haɗa shi da manhaja mai harhaɗa hotuna da yawa su zama ɗaya, yana iya ɗaukar hoto a duhun dare, alhali Nokia 9 mai idanu biyar, wadda wani kamfani dabam ya fitar a ƙarƙashin wannan suna a 2019, ta sha suka saboda nawarta. Duk da wannan hujja, wayoyi masu araha suka ci gaba da jera idanu uku ko huɗu, wasunsu masu megafiksel 2, waɗanda ba su ƙara wa hoto kome. Wannan, a ganina, algus ne, kamar jera manyan tumatir a bakin kwando, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne talakan da ya daɗe yana tara kuɗinsa.

Ba kuwa kowane ƙari ne abin zargi ba. Kasuwanninmu, irin su Farm Centre ta Kano, sun ga zamanin wayoyin Sin masu eriyar talabijin da lasifika mai tsananin ƙara, waɗanda ba sa jimawa suke lalacewa, suka kuma ɓace. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, shi ma ƙari ya yi, amma sai da ya dubi halin jama'a: ya sa gurbin layi biyu saboda rashin tabbas na sabis da tsadar kira tsakanin kamfanoni, ya ƙara ƙarfin batir saboda ƙarancin wutar lantarki, ya kuma daidaita kyamararsa ta fito da fuskar baƙar fata sarai. Da wannan ne, zuwa 2017, ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar Afirka.