Makarantar Lahadi da Yaɗuwar Hausar Boko

Masu nazarin tarihin Hausar boko sukan tsaya kan aikin Hans Vischer da Dokta East, su manta da malamin makarantar Lahadi. Asalin wannan makaranta daga Ingila ne, inda a 1780 Robert Raikes ya tara 'ya'yan talakawa a garin Gulosta, ya sa ana koya musu karatu da addini.

Da 'yan mishan suka iso Arewa, sai suka tarar harsuna sun yi yawa a Filato da kudancin Zariya, malamai kuwa ƙalilan. Saboda haka suka riƙi Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Miller ya yi wa hidima ƙwarai. A 1934 kuma mishan ta SUM ta buɗe makarantar Gindiri, tana horar da masu bishara da Hausa. Su kuwa da sun koma ƙauye, sai su koya wa 'yan sa kai yadda za su ba yara labari, su sa su haddace aya, sannan a bi da waƙa.

Ta haka Hausa ta shiga gidajen da a da ba a jin ta. To, amma ribar ta zo da hasara, domin a wurare da dama yaro ya iya addu'a da Hausa, harshen kakansa kuwa ya tsaya a ƙofar coci.