Darasin Sabon Ibadan: Shin Sai An Tuɓe Hula Ake Zama Ƙwararren Ma'aikaci?



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin yaranmu da suka yi boko suka kama aikin ofis a nan Kudu. Wai in kana so a ɗauke ka ƙwararren ma'aikaci, to sai ka ajiye Hausancinka a bakin ƙofa kamar yadda ake ajiye takalmi a ƙofar masallaci. Ka cire hula, ka sa kwat da laƙataye ko da zafi zai kashe ka, ka murɗe harshe kada a ji Turancinka da ƙamshin Arewa, kuma kada ka kuskura ka tashi salla ana tsakiyar taro. Na ji wannan daga bakin masu aikin banki, na ji daga ma'aikatan asibiti, har wasu sun fara yarda cewa haka abin yake. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihi, domin ba mu ne Hausawan farko da suka nemi abinci a tsakiyar mutanen da ba harshenmu ɗaya ba. Misalin da zan kawo shi ne na Sabon Ibadan, kuma na tabbata mazauna Shagamu da Agege da Abekuta za su ga hoton unguwarsu a ciki.

Goro da shanu su ne suka kafa Sabo. Kafin zuwan Turawa, fataken ƙasar Hausa, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, Gwanja suke zuwa sayen goro, a ƙasar da a yau take cikin Gana. Tafiya ce ta watanni, kuma ayari ba ya tashi kara zube. Akwai madugu mai shugabanci, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari, kowa ya san aikinsa da iyakarsa. Da layin dogo ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, sai hanyar ciniki ta juya. Manoman ƙasar Yarbawa suka dukufa shuka irin goron da mutanen Arewa suke so, wanda har gobe Yarbawa ke kira gbanja, wato dai sunan Gwanja ne ya bi shi. Goro na hawa Arewa, shanu na gangarowa Kudu, Hausawa kuma su ne a tsakiya. A 1916 aka keɓe musu unguwar kansu a Ibadan, aka naɗa musu sarki. Ita ce Sabo da muka sani a kusa da Mokola.

To yanzu mu dubi irin aikin da mutanen nan suke yi, domin a nan darasin yake.

Falke ya taso da shanu daga Arewa, wasu a jirgin ƙasa, wasu a ƙafa tafiyar makonni. Da zarar saniya ta shigo Kurmi, ƙudan tsando ya same ta, to kwanakinta ƙidayayyu ne, domin sammore ba ta jira. Ke nan dole a sayar da wuri. Masu sayen kuwa mahauta ne Yarbawa, waɗanda yawancinsu ba su da kuɗin biya a hannu sai sun yanka sun sayar da nama. Ga baƙo da dukiyar da ke iya mutuwa a hannunsa, ga mai saye da bai sani ba, bai jin harshensa, kuma bashi yake nema. Duk wanda ya taɓa ciniki ya san wannan ƙulli ne mai wuyar kwancewa.

Maigida shi ne ya kwance shi. Falke zai sauka a gidansa, ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalansa. Dillali kuwa aikinsa ba tsayawa a kara yana ɗaga murya kaɗai ba ne. Wajibi ne ya san kowane mahauci: nawa yake iya yankawa, nawa ake bin sa, wa ya taɓa yi wa jinkiri, wa ya taɓa cinye wa kuɗi. Da wannan sanin ne zai yanke shawarar a ba wane saniya biyu, wane kuwa ko ɗaya kada a ba shi. Akwai malamin maigida mai rubuta ciniki da bin bashi, akwai yara masu kula da dabbobi. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, domin shi ya tsaya. Shi kuma mahaucin, labarinsa zai zaga kara, a daina ba shi har sai ya sauke nauyin da ke kansa. In rigima ta taso tsakanin 'yan kasuwa, a kai ta gaban Sarkin Hausawa da dattawa, a kashe ta a zaure.

Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna ya yi nazarin Sabo a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. A lissafinsa, shanu kusan 75,000 ake sayarwa a kasuwar Ibadan duk shekara a wancan lokaci, kuma a kowane lokaci akwai bashin da ya kai kimanin fam 100,000 yana yawo tsakanin fatake da mahauta. Wannan maƙudan kuɗi ba banki a tsakani, ba lauya, ba inshora, kuma ba kotu aka dogara da ita ba. Ku tuna fa fam 100,000 na farkon shekarun 1960 ake magana.

Haka abin yake a ɓangaren goro. Goro ɗan lele ne, ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ga sankara. Sai an zauna an tsince shi, an ware marsa daga minu, fari daga ja, an naɗe huhu da ganye, ana buɗewa ana dubawa ana yayyafa ruwa. Mai dukiya yana Kano ko Sakkwato, ya aiko da kuɗinsa hannun maigidan da ke Ibadan ko Shagamu, wataƙila shekara ta zagayo ba su ga juna ba, amma huhunsa zai iso yadda ya yi oda.

Ni a ganina duk abin da ake koyarwa a yau da sunan ƙwarewar aiki yana cikin wannan tsari. Sanin sana'a ciki da bai, rabon aiki, binciken wanda za a ba rance, tsayawa a kan alƙawari, riƙe sirrin abokin ciniki, hukunta wanda ya saɓa. Abin da bankuna ke ɗaukar masu digiri su yi da kwamfuta, dillalin kara yana yin sa da ka. Kuma mutanen nan da babbar riga da hula suke yi, in ladan ya kira salla su bar ciniki su tafi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ma shi ne Hausancin nasu yana cikin jarin sana'ar. Me zai sa falke ya miƙa wa mutumin da ke nesa da garinsu dukiyarsa? Saboda harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, ya san gidansa, ya san inda yake salla, ya kuma san in ya ci amana labari zai riga shi isa Kano. Maigida da ya zubar da mutuncinsa ya rasa baƙi, wanda ya rasa baƙi kuwa ya tashi daga maigida. Da a ce mutanen Sabo sun narke sun saje, da wannan sarƙar amana ta tsinke, da cinikin ya fita daga hannunsu.

Sai dai kada mu ɗauka riƙe al'ada na nufin daskarewa wuri ɗaya. Mutanen Sabo sun iya Yarbanci, sun san sarautun Ibadan da yadda ake gaishe su, sun rungumi jirgin ƙasa da babbar mota da wayar tangaraho da zarar sun ga amfaninsu. A farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon da Turawa suka ba sarkin unguwa ya fara raguwa, sai yawancin mazan Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, suka kuma fara sallar Juma'a a masallacin unguwarsu. A fahimtar Cohen, wannan ya ba su sabuwar igiyar haɗin kai a daidai lokacin da tsohuwar ke saki. Ko mutum ya yarda da fassararsa ko bai yarda ba, abin lura shi ne sun sake tsari domin su tsare abin da ya fi muhimmanci.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ma misali ne. Ba'agale ne ɗan Bebeji da ya taso cikin fataucin Gwanja, amma da ya ga jirgin ruwa ya fi jaki sauri, sai ya riƙa ɗoro goronsa ta teku zuwa Ikko. Ya yi cinikin gyaɗa da kamfanonin Turawa, kuma ya kai kuɗinsa ajiya banki a Kano a kan raƙuma. Ya ɗauki kayan aikin zamani, bai sauya rigarsa ba, Turawan kuma ba su fasa ciniki da shi ba domin sun ga yana cika magana.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: akwai inda Sabo ta yi sake. A 1955 gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta fara ilmin firamare kyauta. Maƙwabtanmu suka tura 'ya'yansu, mu kuwa yawancin iyayenmu suka tsaya a allo da kasuwa, suna tsoron kada boko ta raba yaro da addininsa. Tsoron yana da dalili, amma mun biya kuɗinsa da tsada. Da zamani ya juya, aiki ya koma na takarda, sai aka wayi gari Bahaushen Kudu an fi saninsa da gadi, da sayar da tsire, da canji, da acaba. Duk sana'o'i ne na halal, ba abin kunya a cikinsu. Amma shi ya sa in yaronmu ya shiga ofis a yau yakan tarar shi kaɗai ne, ana yi masa kallon baƙo, shi kuma sai ya ga mafita ita ce ya ɓoye ko shi wane ne.

To ina mafita? Ni dai abin da na tsinta a tarihin nan shi ne a rarrabe tsakanin tsaba da ƙaiƙayi. Akwai abubuwan da wurin aiki yake da haƙƙin ya nema a wajenka, kuma ba a fakewa da al'ada a kauce musu. Zuwa a kan lokaci yana ciki, rubuta komai a takarda yana ciki, iya Turancin aiki yana ciki, haka sa hular kwano a wurin gini ko kayan tsabta a ɗakin tiyata. Kawaici da kunya ado ne a gida, amma in an tambaye ka ra'ayinka a taro ka sunkuyar da kai, ko aka ɗora maka laifin da ba naka ba ka yi shiru don kara, to ka cuci kanka. Dillalin Sabo bai taɓa jin nauyin ce wa mahauci ba za a ba ka ba. Haka nan in shugabarka a ofis mace ce, ko yaro ne sa'an ƙaninka, ka ba kujerar girmanta. Kuma fifita ɗan uwa a kan wanda ya fi cancanta cin amanar aiki ne, ko da an kira shi zumunci.

Akwai kuma abubuwan da ba su da alaƙa da ingancin aiki, an dai gaje su ne daga Turawan mulkin mallaka aka mayar da su ma'auni. Kwat ba ta ƙara wa akawu iya lissafi, hula ba ta rage masa. Minti goma na sallar azahar bai fi lokacin da wasu ke ɓatawa a hira ba, muddin ka tsara shi da sanin shugabanka, ka kuma bar wani a kan aikinka. Dokar ƙasa ma ba ta bar mu a baya ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin addini. A watan Disamba na 2017 an hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, ta tsaya a kan bakanta, aka rantsar da ita da hijabin a 2018. A 2022 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ɗalibai mata Musulmi suna da damar sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Abin lura, ita Firdaus sai da ta ci jarrabawarta tukuna. Wanda ya iya aikinsa shi ke da bakin neman haƙƙinsa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan batu ya wuce maganar tufafi. Mu da muka ga rikicin Shagamu na 1999 da na kasuwar Shasha a Ibadan a 2021 mun san yadda zama a ƙasar wasu yake iya juyewa cikin dare ɗaya. Muna bukatar likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki da 'yan jarida waɗanda abokan aikinsu suka san Hausawa ne, suka kuma shaide su da nagarta. In duk wanda ya yi nasara a cikinmu ya ɓoye asalinsa, to da wa za a riƙa auna mu? Kowane ɗanmu da ke zaune a ofis da hularsa, aikinsa tsaf, ba a taɓa kama shi da ha'inci ba, yana buɗe ƙofa ga goma da ke bayansa.

Don haka ina kira ga matasanmu, ku shiga Sabo ku zauna da sauran tsofaffin masu gidaje da dillalai tun suna raye, ku tambaye su yadda ake gane mutum kafin a ba shi bashi. Ina kuma kira ga iyaye, ku tura yara makaranta, maza da mata, ku haɗa musu da allo. Kakanninmu sun ci kasuwar Kurmi da amana da sanin sana'a, kuma har yanzu waɗannan biyun ne ake nema a kowane ofis.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci nemanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.