Daga tulun kakata zuwa sanyin awo 196

A gidanmu na Kurni akwai wani tulu da ba a shan ruwa a cikinsa. Kakata takan zuba wake a ciki, ta cakuɗa da toka, ta liƙe bakin da laka, sai damina ta kama a fasa. Gero kuwa tun a gona kakana ke zaɓen zangarniya masu kyau, ya ɗaure damin iri daban. Ko tuwo ya yanke a gidan, ba mai taɓa wannan dami.

Duk da haka an taɓa shi. A yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari saboda ta zo lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, gidaje da yawa sun daka irinsu sun sha fura. Gerommu ya dawo, domin wani ɗan'uwa ya rage kaɗan, aka raba. Amma akwai wani rogo mai zaƙi da kakana ke nomawa a fadama, shi bai dawo ba. Fadamar ta bushe, itacen ya mutu. Na tambayi kakata me ya sa ba ta ɓoye shi ba, ta ce: "Kai yaro, rogo ana sa shi a tulu?"

Gaskiyarta. Gero da dawa da wake ƙwaya suke yi, idan ta bushe sosai takan yi shekaru. Rogo da rake da dankali kuwa, waɗanda ake nomawa a fadamun Matamaye, da reshe ko kara ake dasa su. Idan shekara ɗaya ta ƙwace, shi ke nan.

Masana ma da ƙwaya suka fara. Ɗan Rasha Nikolai Vavilov ya zaga duniya yana tara iri, ya ajiye a Leningirad. Da sojojin Jamus suka kewaye birnin daga 1941 zuwa 1944, wasu ma'aikatan wurin sun mutu da yunwa alhali ga shinkafa a gabansu, sun ƙi ci. Da na karanta wannan, damin kakana na tuna. A nan Nijar an kafa INRAN a 1975, sannan cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tana da ɗakin sanyi na ajiyar irin gero da gyaɗa da sauransu. A 2008 aka buɗe babban rumbu a Svalbard ta ƙasar Nowe, cikin dutse, da sanyin awo 18 ƙasa da sifili. A 2015 aka fara ɗebo iri daga can, bayan yaƙin Siriya ya raba masana da rumbunsu na Halab.

To, rogo fa? A 1960 wani masanin Japan, Akira Sakai, ya wallafa cewa reshen itace na iya rayuwa bayan an tsoma shi cikin ruwan naitirojin, mai sanyin awo 196 ƙasa da sifili. Matsalar ita ce ruwan da ke jikin tsiro: idan ya daskare yakan zama ƙanƙara mai tsini, ta yayyaga shi ta ciki. Don haka ake yanko ɗan kan toho, bai fi ƙwayar gero ba, a jiƙa shi cikin ruwan sukari da gilisarin har ruwan jikinsa ya ragu, sannan a jefa shi cikin naitirojin farat ɗaya. Sai ya sandare kamar gilashi, ƙanƙara ba ta samu lokacin fitowa ba. Ba ya girma, ba ya ruɓewa. Ranar da ake so, a ɗumama shi da sauri, a raine shi a kwalba har ya yi saiwa. Da wannan dabara ake ajiye ayaba a Leuven ta Beljiyam, da dankalin turawa a Lima ta Peru. Kusa da mu, cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da dubban nau'o'in rogo da doya.

Amma kada mu ruɗu, ƴan'uwa. Abin da aka daskarar yana nan yadda aka sa shi, gona kuwa tana tafiya. Masu bincike na Faransa sun tara gero a ƙauyukan Nijar a 1976, aka koma ƙauyukan nan a 2003 aka sake tarawa. Da aka shuka su gefe da gefe, na 2003 ya riga fitar da kai. Wato manoma, da zaɓen zangarniyar da suke yi kowace kaka, sun sa gero ya bi gajeruwar damina. Tukunyar naitirojin ba ta iya wannan aiki.

Kuma ba a ajiye abin da ba a san da shi ba. Rogon kakana ko sunansa ban samu ba. Kakata ta ce "na Malam" kawai suke ce masa. Shi ya sa a hutun nan na sayi kaye, ina bin tsofaffin unguwarmu ina rubuta sunan kowane iri, da inda ake shuka shi, da kwana nawa yake yi, da wanda har yanzu ke da shi. Na riga na samu wata tsohuwa mai wani jan wake da ta ce ita kaɗai ta rage da shi, ta ba ni cikin tafi ɗaya. Duk wanda zai je gida hutu, don Allah ya tafi da kaye da biro, mu haɗa abin da muka samo idan an koma lakkol.