Yadda Ake Haɗa Ingirici, da Zama da Namun Dajin da ke Gona

Ingirici ciyawa ce da aka yanke tana ɗanya, aka shanya ta bushe, aka adana don ciyar da dabbobi da rani. Ba ɗaya take da ciyawar da ta bushe a tsaye cikin daji ba. Gamba ko kyasuwa kafin ta fitar da kai, sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan kai kashi 8 cikin 100 ko fiye, amma wadda ta tsaya har hunturu ya busar da ita takan faɗo zuwa kashi 2 ko 3. Tumbin saniya kuwa yana buƙatar kamar kashi 7 kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga shanu sun wuni suna kiwo a watan Maris, ciki ya cika, amma ga haƙarƙari a waje.

Lokacin yanka shi ne komai. Ka yanka sa'ad da ciyawa ta fara fitar da kai, kafin ta zuba 'ya'ya. A yankin Kano da Katsina da Maraɗi wannan yakan faɗo ƙarshen Satumba, a wajen Zariya da Kaduna kuma yakan ɗan shiga Oktoba. Matsalar dai ita ce lokacin ya yi karo da girbin gero da cirar gyaɗa, hannu ya yi ƙaranci, sai a ce bari a gama aikin hatsi tukuna. Kafin a waiwayo ciyawa ta zama kara. A nan ne ƙungiya ke da amfani: ku ware kwana biyu ko uku na gayya don yankan ciyawa kawai.

Ka fita da lauje bayan raɓa ta ɗauke, ka bar kamar taƙi ɗaya a gindi don ciyawar ta sake tohowa. Baza ta sama-sama, kana juyawa sau ɗaya ko biyu a wuni. Kwana biyu zuwa uku na rana mai kyau sun isa. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebi cikin hannu ka murɗa. In ka ji danshi ko ruwa ya fito, da saura. In ta kakkarye ta zama gari, ta wuce. Mai kyau tana da ɗan kore-kore da ƙanshi. Wadda aka tara da danshi takan yi zafi a tsakiya ta yi fumfuna, kuma irin wannan tana sa dabba ciwo, kar ka ba ta ko da kana ganin asara ce.

Harawar wake da ta gyaɗa sun fi ciyawa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin yana cikin ganye. Ka naɗe su da sassafe lokacin da ganyen ya yi laushi, don in rana ta take sai ganyen ya kakkaɓe ka kwashi tsirar jijiya. Wanda ke da fili zai iya shuka lablab, waken dabbobin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, ta daɗe tana aiki a kansa.

Lissafin abin da za ka tanada: dabba na cin busasshen abinci kamar kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a kullum. Saniya mai kilo 250 za ta ci kilo 6 zuwa 7, rago mai kilo 35 kamar kilo ɗaya. Raguna huɗu na wata biyar ke nan kilo 600. Auna daminka ɗaya ka ga dami nawa ke nan.

Ɗora harawa a kan bishiya ko rufin ɗaki ya kare ta daga awaki da gara, amma rana na cinye korenta. Rumfa mai rufi, da dandamali wanda ya ɗaga daga ƙasa kamu ɗaya, ta fi. Zuba toka a gindin dirkoki, share kewayen tas saboda gobara, kuma kar ka tara duk abin da ka mallaka wuri guda.

To, ciyawar nan da kake yanka gidan wasu ne. Zabon daji da makwarwa a ƙasa suke ƙwai cikin damina, zomo da bushiya nan suke fakewa. Fara yanka daga tsakiyar fili kana yowa baki, ko daga gefe ɗaya zuwa ɗaya gefen, don su sami hanyar fita. Ka bar layin gamba a kan iyaka: yana tare zaizayar ƙasa, ka sami na zana, su kuma su sami mafaka. Bushiya da zabi ƙwari suke ci, fāra da tsutsa, aiki suke maka kyauta.

Tarin ingirici na jawo ɓera, ɓera kuma na jawo maciji. Mutane da yawa sai su zuba guba, amma ɓeran da ya ci guba mujiya ce ke ɗaukarsa, ko kyanwa, ko kajin gida su tsattsage shi. Mujiya dai an ɓata mata suna a banza. Guda ɗaya takan cinye ɗaruruwan ɓeraye a shekara, saboda haka in ta zauna a kukar gonarka, hana yara jifanta. Tarko da tsabtar kewayen rumfa sun fi guba.

Maciji kam ba a wasa da shi. Kububuwa ce ta fi saran manoma a arewacin Najeriya, kuma tana son kwanciya ƙarƙashin abin da aka tara a ƙasa. Kafin ka ɗaga dami, taɓa shi da sanda. Sa takalmin roba mai tsawo, in dare ne riƙe tocila. In tsautsayi ya faɗa, kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi a garzaya asibitin da ke da allurar dafin maciji. Na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a wannan aiki.

Abin da ya fi kowace dabba ɓarna shi ne wutar da ake cinna wa daji don farautar gafiya da zomo. Wuta ɗaya kan lashe kiwon gari guda da harawar da ke kan bishiyoyi. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku kai maganar gaban mai unguwa tun kafin kaka, a zauna da mafarauta da makiyaya, a share hanyar tare wuta mai faɗin taku uku ko huɗu kewaye da inda aka tara abincin dabbobi, a kuma sake share ta a farkon Disamba in iska ta fara kaɗawa.