Amsoshin Tambayoyinku: Daga Bakin Fensir Zuwa Cikin Rediyo

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da batir da rediyo, ya aiko yana tambaya: wai shin da gaske ne an taɓa samun lambar yabo ta Nobel saboda bakin fensir da salatif?

To, malam, gaskiya ne, amma bari mu ɗauko maka zancen daga tushe. A cikin rediyonka da wayarka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira transista, waɗanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Aikinsu kamar na bakin kwali ne a wurin noman rani: a buɗe ruwa ya wuce, a toshe ya tsaya, sai dai su wutar lantarki suke buɗewa da toshewa. Da wani sinadari ake yin su mai suna silikon, wanda ake tacewa daga yashi. Shekara da shekaru ana ta ƙanƙantar da su, har aka zo inda in silikon ya cika siranta sai wuta ta riƙa yoyo, na'ura ta yi zafi, batir ya ƙare da wuri.

A 2004, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, wani saurayi haifaffen Rasha mai shekara 30, Konstantin Novoselov, yana aiki tare da malaminsa Andre Geim. Suka ɗauki garafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, suka manna masa salatif suka ɓanɓare, suka sake mannawa suka ɓanɓare, har suka sami fallen da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak. Sunansa garafin. Sai ka jera falle wajen miliyan 3 kafin su kai kaurin milimita 1. A 2010 aka ba su Nobel, lokacin Novoselov yana da shekara 36.

To, amma fa akwai cikas. Wuta tana gudu a cikin garafin ƙwarai da gaske, sai dai ba ta toshuwa sosai. Kai ma ka sani, kwalin da ba ya toshuwa ɓarna yake yi wa mai gona.

Nan ma matasa ne suka sa hannu. Akwai wani ma'adini, molibdinait, da ake zubawa a cikin giris don rage gogayyar ƙarafa. Shi ma falle-falle yake. A 2010 wani ɗalibi a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Kin Fai Mak, da abokan aikinsa suka nuna cewa falle ɗaya nasa yana da halin da dunƙulensa ba shi da shi, har haske yake fitarwa. A 2011 kuma, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, wani ɗalibi, Branimir Radisavljevic, a ƙarƙashin malaminsa Andras Kis, ya haɗa transista da falle ɗaya na wannan ma'adini. Ta buɗe, ta kuma toshe tsaf.

Tun daga nan ake ta matsawa a hankali. A 2017 masana a birnin Biyana na Ostiriya suka haɗa transista 115 wuri guda. A 2025 na Jami'ar Fudan a Shangai ta ƙasar Sin suka kai 5,900. Ƙwaƙwalwar wayar zamani kuwa tana ɗauke da biliyoyi, kuma duk na silikon ne. Saboda haka in wani ya zo kasuwa yana tallar waya wai ƙwaƙwalwarta ta garafin ce, riƙe kuɗinka. Abin da ya rage shi ne a iya yin fallen nan mai faɗi, ba tsaga ba datti, a kuma yi shi da araha.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ga wasiƙunku.