Tukunyar Nukiliya ta Zariya

Tukunyar nukiliya ta Zariya, wadda masana ke kira NIRR-1, ita ce ta farko a Najeriya, kuma har yau ba ta da ta biyu. Tana Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma fara aiki a watan Fabrairun 2004. Ba ta ba da wutar lantarki, don ba domin haka aka gina ta ba. Aikinta shi ne fitar da ƙwayoyin niyutiron waɗanda ake gano abin da ke ɓoye a cikin ƙasa da duwatsu da abinci da su. A duk faɗin ƙasar Hausa, nan ne binciken tsakiyar ƙwayar zarra ya fi tsayawa da ƙafarsa.

Tushen ilimin

A 1932 James Chadwick ya gano niyutiron a Ingila. Ƙwaya ce marar cajin lantarki, saboda haka tana kutsawa tsakiyar ƙwayar zarra ba tare da an tunkuɗe ta ba. A 1936 George de Hevesy da Hilde Levi suka lura cewa idan aka yi wa abu ruwan niyutiron, kowane sinadari da ke cikinsa yakan fitar da tururi irin nasa, wanda za a gane shi da shi. A ƙarshen 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka ga ƙwayar yuraniyom ta rabe gida biyu a Balin, ranar 2 ga Disambar 1942 kuma Enrico Fermi ya tayar da tukunyar nukiliya ta farko a Cikago. Daga nan hanya ta rabu. Wasu suka bi tukwane da bama-bamai, wasu suka bi manyan injinan da ke gwara ƙwayoyi da juna don ganin abin da ke can ciki.

Yadda zancen ya iso Najeriya

Tsoro ne ya fara kawo shi. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane a hamadar Aljeriya, cikin hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar Sahara zuwa Agadas da Damagaram da Kano. Bayan gwaji na uku a ƙarshen Disambar wannan shekara, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961. Amma fushi ba ya auna burbushin nukiliya, sai na'ura da wanda ya iya ta. A 1964 Najeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, aka kuma kafa sashen kariya daga tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan. A 1968 ta shiga yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya.

Doka mai lamba 46 ta 1976 ce ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, amma hukumar ta shekara 30 tana kwance a takarda, sai a 2006 aka tayar da ita. Abin da ya motsa a tsakani shi ne cibiyoyi biyu da aka ɗora wa horas da masana, ɗaya a Zariya, ɗaya a Ile-Ife. Hukumar da ke sa ido da ba da lasisi kuwa, an yi dokarta a 1995, ta fara aiki a 2001. Tukunyar kanta Cibiyar Makamashin Nukiliya ta ƙasar Sin ce ta ƙera ta, ta zo ta hannun hukumar duniya. Tana da 'yan uwa iri ɗaya a Gana da Pakistan da Iran da Siriya.

Yadda take aiki

Wanda ya ji an ce tukunyar nukiliya zai zaci wani gini ne mai hasumiya da hayaƙi. Zuciyar ta Zariya ba ta fi ƙaramin bokiti ba: siraran sandunan yuraniyom fiye da 300, an kewaye su da ƙarfen beriliyom mai mayar da niyutiron ciki, duka a nutse cikin ruwa. Sanda ɗaya tak ta kadmiyom ke sarrafa ta. A ja ta sama aiki ya tashi, a sauke ta ya tsaya. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne na zafi, ruwan da ke kewaye da ita kuma shi ke shanye zafin. Idan ruwan ya ɗumama, aikin yakan lafa da kansa, wannan kuwa shi ya sa irinta ke iya zama a cikin jami'a.

Ana niƙa samfurin da za a auna, a zuba ɗan kaɗan a ƙaramin kwanson roba, iska ta tura shi ta bututu zuwa gefen zuciyar. A can, niyutiron da za su kai tiriliyan ɗaya ke ratsa kowane murabba'in santimita a kowace daƙiƙa. Bayan 'yan mintoci ko sa'o'i sai a dawo da shi gaban na'urar awon hasken gama. Gwanintar tana wajen sanin lokaci. Tururin almuniyom yakan ragu da rabi cikin minti 2 da 'yan daƙiƙu, don haka da gudu ake auna shi. Sodiyom sa'a 15 yake yi, kuma yakan cika wuri da ƙara, sai an bar shi ya lafa. Kuromiyom kuwa yana kai kusan kwana 28, ana iya jiransa makonni. A haka ake fitar da sinadarai da dama daga samfuri ɗaya ba tare da an narka shi ba. Dabarar tana da makanta: dalma ba ta amsa mata yadda ya kamata, sai an nemi wata hanya.

Amfanin wannan ga manomi ba nesa yake ba. Madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir ruwan kogin Jakara take tarewa, Jakara kuwa ta ratso birnin Kano ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Da wannan ruwa masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyafo da tumatir, a cikinsa masunta ke kamun kifi. Kuromiyom, wanda masana'antun jima ke aiki da shi, yana cikin sinadaran da niyutiron ke tonawa ko da kaɗan ne ƙwarai. Ko nawa ne ya zauna a laka, nawa ya hau ganye, nawa ya shiga naman kifi, tambayoyi ne da ido ba ya amsawa. Haka ma awon abin da gonar da ake nomawa kowace damina ba hutu ta rasa, irin gonakin da suka kewaye Kano. A ganin mai wannan rubutu, ƙasar da ba ta gama sanin abin da ke cikin ruwanta da takinta ba, ƙaramar tukunya irin wannan ta fi mata amfani da babbar tashar lantarki ta nukiliya da ake ta alkawari.

Sauyin 2018

Man da aka fara zuba wa tukunyar yuraniyom ne da aka tace har kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake bam da shi, wajen kilo ɗaya. Bai isa bam ba, amma ya isa ya hana manyan ƙasashe barci, musamman da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. Gana ta riga ta sauya nata a 2017. A ƙarshen 2018 masana daga Najeriya da Sin da Amurka da Rasha da hukumar duniya suka cire tsohuwar zuciyar, suka sa sabuwa mai kashi 13 cikin ɗari. A watan Disamba aka ɗauki tsohuwar a jirgin sama daga Kaduna zuwa ƙasar Sin. Daga ranar Najeriya ta fita daga jerin ƙasashen da ke riƙe da irin wannan yuraniyom.

Tazara da babban fage

Niyutiron da ake awo da shi a Zariya ƙarfinsa bai kai ilektiron-bolt ɗaya ba. Injin gudun ƙwayoyi da aka kafa a Ile-Ife a 2008 yana aiki da bolt miliyan 1.7. A cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, wadda aka kafa a 1954, ana gwara furoton da furoton cikin rami mai kewayen kilomita 27 a kan ilektiron-bolt tiriliyan 13.6, kuma can aka ba da sanarwar gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yulin 2012. Babu ƙasar Afirka mai irin wannan inji. Shiga ake yi a gwaje-gwajensa, kamar yadda jami'o'in Maroko da Afirka ta Kudu suka shiga ATLAS, na Masar suka shiga CMS. Tun 2010 kuma akwai makarantar ilimin ƙwayoyin zarra ta Afirka mai yawo ƙasa-ƙasa, wadda ta zauna a Kumasi a 2012 da Dakar a 2014. Ɗalibin da ya koyi karanta hasken gama da lissafin kuskuren awo a Zariya ya riga ya riƙe wani ɓangare na abin da ake nema a can.

Batun tashar lantarki ta nukiliya kuwa, an zaɓi Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, an sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, amma ba a fara ginin ko ɗaya ba.