Kowala Da Agustan 1927

A watan Agusta na shekarar 1927 gwamnatin jihar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya ta buɗe wa mafarauta daji na tsawon wata guda, ta ce kowa ya yanki lasin ya harbi kowala. Kafin watan ya mutu an kashe kimanin 600,000. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne fari da rashin aikin yi a karkara, wato dai a bai wa talaka abin sayarwa. Masu sukar gwamnatin kuwa cewa suka yi ƙuri'un ƙauye ake nema.

Ga mai karatun da bai san dabbar ba, kowala ba ta kai ɗan akuya girma ba, tana da laushin gashi, kuma uwa na goyon ɗanta ne a cikin wata jaka ta fata da ke cikinta. Kusan ba ta cin komai sai ganyen itacen turare, irin wanda aka kawo mana daga can ake dasawa a gandun daji domin tare iska. Ganyen ba shi da ƙarfin gina jiki sosai, shi ya sa dabbar ke kwashe kusan awa 20 tana barci a kan reshe. Abin da ke barci a reshe kuwa ba ya bukatar gwanin maharbi. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 ake lodin fatunta zuwa Ingila da Amurka ana ɗinka riguna da huluna, a 1919 kaɗai Kwinsland ta fitar da wajen miliyan ɗaya.

Sai dai ɓarnar 1927 ta zo wa jama'a wuya. Jaridu suka cika da wasiƙun Allah wadai daga malaman coci da masana da 'yan makaranta, ba a kuma sake buɗe irin wannan farauta ba. A shekarar ce aka kafa mafakar Lone Pine a birnin Birisben.

A nawa ganin, bindiga ita ce mafi sauƙin abokan gāban wannan dabba, domin ana jin ƙararta, ana ganin fatun a kan mota. Abin da ya biyo baya bai da ƙara. Manoma da magina sun ci gaba da sare itatuwa, daji ya zama tsibi-tsibi, dole kowala ta sauko ƙasa ta tsallaka titi, inda mota ko kare ke jiranta. Ga kuma cutar kilamidiya, wadda ke makantar da ita, ta ɓata mata mafitsara, ta hana mace haihuwa. Maganin da ake ba ta ma yakan kashe ƙwayoyin cikin hanjinta waɗanda ke narka mata ganye, a warkar da ido a bar ta da yunwa.

Har taimakon da aka yi mata bai rasa cikas ba. A shekarun 1920 an kai 'yan ƙalilan Tsibirin Kangaru don kada iri ya ɓace. Suka hayayyafa har suka cinye ganyen itatuwan da ke riƙe da su, ta kai ga a 1997 aka fara yi musu aikin hana haihuwa. Gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta zo ta halaka dubbai a wannan tsibiri, alhali kuwa su ne ake alfahari da su saboda cutar ba ta kama su ba.

A Fabrairun 2022 gwamnatin tarayya ta sa kowalar Kwinsland da Niyu Sawut Wels da yankin babban birnin ƙasar cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. A Satumban 2025 hukuma ta amince da allurar rigakafin kilamidiya wadda Farfesa Peter Timms da abokan aikinsa na Jami'ar Sunshine Coast suka shafe fiye da shekara 10 suna haɗawa. Sau ɗaya ake yin ta, amma kafin a yi sai an hau itace an kamo dabbar, ɗaya bayan ɗaya.